Wankan Mai Rai Ya Fi Wankan Gawa

A gidajen masu bi da yawa a ƙasar Nijar akwai wani abin kunya da ake yi da sunan kunya. Tsoho ya kamu da shanyewar ɓarin jiki, an sallame shi daga asibiti, an kwantar da shi a ɗaki. Yana da 'ya'ya maza, dukansu masu zuwa sujada. Amma in aka ce wa zai yi masa wanka, sai kowa ya sunkuyar da kai, ya ce ai aikin mata ne. Matar tsohon ta tsufa, ba ta iya juya shi. Matar ɗansa kuwa, ba ya yarda ta ga tsiraicinsa, yana kuwa da gaskiya. Haka zai yi kwanaki cikin fitsari, ana kunna turaren wuta saboda baƙi.

Masu wannan hali suna cewa ɗa ba ya ganin tsiraicin ubansa. To, ran da tsohon ya cika, su wa ke wanke shi? Maza ne ke shiga da ruwa da sabulu, ba mai cewa aikin mata ne. Hannun da ya iya wanke gawa ya iya wanke mai rai. Abin da ke hana su ƙyama ce da son jiki.

Rashin wankan nan kisa yake yi. Wanda ba ya iya motsi, nauyinsa yana danne fata a kan ƙashi, jini ya kasa zagayawa. Wurin ya fara ja, sa'an nan ya ɓare ya zama gyambo, musamman a ƙugu, da kwatangwalo, da diddige, da kafaɗa. Fitsari da gumi suna sa fata ta yi laushi ta yage da wuri, balle a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Maraɗi da Tawa. Gyambon da ya soma cikin 'yan kwanaki yakan ɗauki watanni bai warke ba, in ƙwayoyin cuta suka shiga jini kuwa yakan kai ga mutuwa. Asibitin Galmi, wanda mishan ta SIM ta buɗe a 1950, zai iya wanke gyambo ya ɗaure, amma ba zai bi majiyyaci gida ya juya shi da tsakar dare ba.

Aikin kuwa ba ya bukatar karatu. Kwano biyu na ruwan ɗumi, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya, da tsumma mai tsabta, da zane. A gwada ɗumin ruwan da gwiwar hannu. A rufe ƙofa, a lulluɓe shi, a buɗe wurin da ake wankewa kaɗai. A fara da fuska, sai hannuwa, ƙirji, ƙafafu, a juya shi a wanke baya. A sake ruwa kafin a wanke al'aura, in kuwa hannunsa ɗaya yana aiki, a ba shi tsumman ya wanke wurin da kansa. A tsane hammata da matsematsi sosai, a shafa man kaɗanya inda fata ta bushe, amma kada a murza wurin da ya yi ja. A cire jiƙaƙƙen shimfiɗi nan take, a riƙa juya shi kamar bayan kowace awa 2. Ina tsiraicin da aka tona a nan?

Dattawan ikkilisiya ma suna da nasu laifi. Sukan zo, su tsaya daga bakin ƙofa saboda wari, su yi doguwar addu'a, su ajiye kuɗin sabulu, su tafi. A Bishara ta Yohanna sura 13, Ubangiji Yesu da kansa ya zuba ruwa a daro ya wanke ƙafafun almajiransa, bai aiki kowa ba. Zumuntar mata ta daɗe tana wanke tsofaffin mata ba tare da an roƙe ta ba. Ya kamata zumuntar maza ta rubuta sunayen mazan da ke kwance, ta raba kwanaki, mutum biyu biyu, ɗaya na riƙewa ɗaya na wankewa. Ɗan da ya ƙi shiga layin kuma, dattawa su kira shi su yi masa faɗa tun uban yana da rai.