Hannun da Kake Sa wa a Logbuk Shaida Ce

Duk shekara dubban ɗaliban jami'o'i da kwalejojin fasaha suna barin aji su tafi abin da suke kira IT, wato koyon aiki a masana'antu da ma'aikatu. Asusun horar da ma'aikata na ITF, mai hedikwata a Jos, shi ya ƙirƙiro wannan tsari mai suna SIWES a 1973, bayan masu masana'antu sun daɗe suna kukan cewa yaran da makarantu ke yayewa suna da karatu amma hannunsu bai san aiki ba. Yau sama da shekara hamsin ke nan, kukan yana nan.

A takarda tsarin ba shi da aibu. Ana ba ɗalibi logbuk ya rubuta abin da ya yi kowace rana, ogansa a wurin aiki ya duba ya sa hannu, malami daga makaranta ya kawo ziyara ya gani da idonsa. Amma kowa ya san yadda sau da yawa ake yi. Yaro zai nemi ofishin da kawunsa ko abokin babansa yake, ya leƙa ranar farko, ya ɓace. Ana saura mako a koma makaranta sai ya zauna ya cike shafukan wata shida cikin dare biyu, yana kwafa daga littafin wanda ya gabace shi, oga ya buga hatimi. Wani kuwa yana zuwa kullum, baiwar Allah ko bawan Allah, amma aikinsa sayo abinci da kai fayil ofis-ofis. Malamin da zai zo dubawa kuɗin motarsa bai fito ba, sai ya ce a kai masa littafin.

Ogan da ya sa hannu yana ganin alheri ya yi. Zai ce ɗan mutane ne, bai kamata a hana shi kwalinsa ba. Ni kuwa na ce ya ba da shaida a kan abin da bai gani ba, kuma sunan wannan shaidar zur, wadda Musulunci ya sa cikin manyan zunubai, Kiristanci ma ya hana ta. Abin da ke sa mu raina laifin shi ne wanda za a cuta ba ya wurin lokacin da ake buga hatimin. Yana can gaba: magidancin da za a ja wa wayar lantarki ba daidai ba, majinyacin da za a auna wa jini a rubuta masa sakamakon da ba nasa ba, yaron da zai shekara shida a firamare bai iya haɗa baƙi ba.

A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa ta matakin aji huɗu, 21,780 suka kasa samun makin da aka gindaya. An yi ta muhawara a kan korarsu, kuma akwai abin cewa a kan yadda aka yi ta. Tambayar da ta fi damuna ita ce, kafin su kai ga aji, hannun mutum nawa suka bi? Wa ya duba su lokacin gwajin koyarwa ya rubuta cewa sun iya?

Hanyar auna iyawa ba ɓoyayya ba ce. Tun 1975 Ronald Harden da abokan aikinsa a Dundee ta ƙasar Sukotland suka bayyana jarrabawar OSCE, inda ɗalibin likitanci ke bi tasha-tasha yana duba majinyaci, mai jarrabawa na tsaye da takarda yana lura da kowane mataki. Makarantun jinya da ungozoma a Najeriya suna amfani da ita. Hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna ma tana da tsarin shaidar sana'a na NSQ, wanda a cikinsa sai mai tantancewa ya ga mutum yana aikin, sannan wani ya sake bin sawun mai tantancewar. Ko bakaniken gareji ba ya yaye yaronsa sai ya ga ya kwance inji ya mayar ya tashi, don ya san sunansa ne zai ɓaci.

Saboda haka makarantu su fitar da kuɗin ziyara a kan lokaci, kuma idan ɗalibi ya dawo a ba shi kayan aiki ya nuna abin da ya rubuta cewa ya yi, kafin a ba shi maki. Iyaye su daina nema wa 'ya'yansu wurin da za a sa musu hannu suna kwance a gida. Kai kuma oga, idan aka kawo maka logbuk ba ka ga mai shi yana aiki ba, ka mayar masa da littafinsa, ka ce ya dawo gobe da safe ka koya masa.