Motar da ke Taka Birki da Kanta, da Yadda Muke Makantar da Ita

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya hango tirelar da ta tsaya a gabansa, ya ɗaga ƙafa daga totur ya kai ta kan birki, daƙiƙa ɗaya ko fiye ta wuce. A wannan ɗan tsakanin ake rasa rayuka, kuma dominsa aka ƙirƙiro birkin gaggawa mai kama kansa.

Ido biyu motar take da su. Na farko na'urar rada ce, a bayan tambarin kamfani ko cikin bambar gaba. Tana harba igiyar rediyo, idan ta bugi abu ta dawo sai ta auna nisansa da saurin da ake kusantarsa. Na biyu kyamara ce a saman gilashin gaba, bayan madubi, ita ke bambance mota da mutum da keke. Kwamfutar motar tana haɗa bayanan biyu, tana lissafa daƙiƙa nawa suka rage kafin karo. Idan lokaci ya ƙure sai ta yi ƙara, ta kunna fitilar gargaɗi, ta shirya birki. Direba ya taka da sanyi, ta ƙara masa ƙarfi. Bai taka ba, ta taka da kanta. Ko ba ta hana karon ba, ta rage ƙarfinsa, kuma sau da yawa nan ne bambancin jinya da jana'iza.

Honda da Toyota sun fara irin wannan a Japan tun 2003, Volvo ta fito da City Safety a 2008. Cibiyar IIHS ta Amurka ta gano cewa birkin gaggawa mai kama kansa yana rage karon da ake yi wa mota ta baya da kusan rabi. Tarayyar Turai ta wajabta shi a kan sababbin motoci daga Yulin 2024.

To, ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne, na'urar ta riga ta iso. Corolla daga ƙirar 2017 da Camry daga 2018 da ake shigowa da su daga Amurka duk da ita aka ƙera su. Sai dai da yawansu motocin hatsari ne da aka saya a gwanjo, kuma gaban da ya ragargaje nan ne mazaunin rada. Mai gyaran jiki zai miƙar da ƙarfe, ya sa bamba, fenti ya yi ƙyalli. Radar kuwa ko an jefar da ita, ko an ɗaure ta a karkace tana kallon wani layin. A canza gilashin gaba, ba wanda zai sake saita kyamara. Fitilar gargaɗi ta kunnu, a biya mai gyaran wayoyin mota ya kashe ta don kada mai saye ya gani. Wannan ha'inci ne, kuma da ran mutum ake yin sa.

Mu ma masu motar da laifinmu. Muna manna sitika a saitin kyamara, muna garƙama ƙarfen kariya a gaban rada, ƙurar hunturu ta lulluɓe su ba a gogewa. Wasu kuma su kashe na'urar don ƙararta ta dame su a cunkoson babura da Keke Napep.

Kada kuma a ɗauke ta direba. Gwajin ƙungiyar AAA ta Amurka a 2019 ya nuna ba ta ganin masu tafiya a ƙasa da daddare yadda ya kamata, ga hanyoyinmu mafi yawa babu fitilu.

Mai sayen mota, kafin ka ba dillali ko sisi, ka sa a jona mata kwamfuta a tabbatar rada da kyamara suna nan kuma an saita su. Ƙungiyoyin makanikai su koya wa yaransu wannan aiki, jami'an duba lafiyar motoci kuma su sa shi cikin abin da suke dubawa.