Hadarin Gabas Da Ruwan Kwatano: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Yau za mu yi magana ne a kan hadari, baƙon da ke ziyartar Kwatano sau biyu a shekara: babbar damina daga Afrilu zuwa Yuli, sai ƙaramar daga Satumba zuwa Nuwamba.

Idan rana ta gasa ƙasa, iska mai ɗumi da ta kwaso tururin ruwa daga teku sai ta yi sama. Can sama akwai sanyi, don haka tururin yakan daskare ya zama girgije, girgijen kuma ya yi ta tashi kamar hasumiya har ya kai kilomita 12 ko fiye. A cikinsa ɗigon ruwa da ƙanƙara suna ta gogayya, abin da ke tara wutar lantarki. Fitar wutar ita ce walƙiya. Zafinta yana sa iskar da ke kewaye ta kumbura farat ɗaya, ƙarar wannan kumburi ita ce tsawa. Irin waɗannan giza-gizai sukan jeru a layi guda su nufo yamma, shi ya sa tun kaka da kakanni gabas ake duba idan ana neman hadari. Iskar nan mai sanyi da ke riga ruwa isowa, daga cikin girgijen take faɗowa, kuma ita ce ke yaye kwanon rufi da kayar da itatuwa da allunan talla.

To, amma matsalar Kwatano ta wuce iska. An gina garin a kan shimfiɗaɗɗen yashi, tsakanin teku daga kudu da tafkin Nokoué daga arewa, kuma mashigin da Faransawa suka haƙa a 1885 shi ne ya haɗa su. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa ƙwarai, saboda haka ƙasa ba ta daɗewa take ƙoshi. Ga kuma kogin Ouémé da ke kwaso ruwan arewacin ƙasa ya juye a tafkin, wanda kan cika har ya shiga unguwannin bakinsa irin su Vossa da Ladji, ko da ba a yi ruwa sosai a cikin gari ba. Haka aka gani a watannin Satumba da Oktoba na 2010, lokacin da ambaliya ta shafi kimanin mutum 680,000 a gundumomi 55 daga cikin 77 na ƙasar Benin, aka rasa rayuka sama da 40, cutar amai da gudawa kuma ta biyo baya.

Mu mazauna Zongo da Saint-Michel mun san yadda ruwan sa'a guda ke mayar da lungu rafi. Gidaje a cunkushe suke, shaguna sun cika da kaya, leda da shara kuma sun toshe lambatu. Wannan shi ne ɓangaren da ke hannunmu. Kafin damina ta kankama, maigida ya sa kafinta ya hau ya duba kwano, a ƙara ƙusa, a sauya katakon da ya ruɓe. Dutse da tsohuwar taya da ake dannawa a kan rufi, ranar iska su ne ke faɗowa kan mutane. Maƙwabta su haɗa hannu su yashe lambatun ƙofar gida, a kuma kwashe abin da aka yaso nan take, domin in an bar shi a gefe ruwan farko zai mayar da shi. Takardun haihuwa da na makaranta da na fili a sa su a leda a ajiye a sama. Masu shaguna su ɗora buhunan shinkafa da bandiran atamfa a kan katako.

Idan hadarin ya taso, ga ma'auni mai sauƙi da za a koya wa yara. Ƙara tana cin kilomita ɗaya cikin kimanin daƙiƙa 3. In ka ga walƙiya, ka ji tsawa kafin ka ƙirga 30, to aradu na iya kai wa gare ka, sai ka shiga gini. Kada a fake a gindin itace ko jikin falwaya, kada a tsaya a filin ƙwallo ko bakin teku ko saman bene. A cire wayoyin talabijin da firiji daga bango, a dakata da wanka, a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Wanda aradu ta taɓa ba ya riƙe wuta a jikinsa, saboda haka a taimaka masa nan da nan, a gaggauta kai shi asibiti.

Bayan ruwa ya ɗauke ma da sauran hatsari. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, kuma a ƙarƙashinsa akwai ramin lambatu da ba a gani. Uwargida, kada ki bar yara su yi wasa a ciki. Kai kuma da ka hau zemijan, in mai babur ya nufi ruwan da ba ku san zurfinsa ba, sauka ka jira. Wayar lantarki da ta tsinke, a ɗauka da wuta a jikinta, a yi nesa da ita da ruwan da ta taɓa, a sanar da kamfanin SBEE, ko a kira 'yan kwana-kwana a lamba 118. In ruwa ya fara shiga ɗaki, a kashe mita tun ƙafa tana kan busasshiyar ƙasa. Ruwan rijiya kuwa a tafasa shi kafin a sha, a kuma zubar da wanda ya kwanta a gwangwani da taya saboda sauro.

A ƙarshe, a riƙa sauraren sanarwar Météo-Bénin a rediyo, kuma kowane gida ya san tsoho ko majinyacin da ke lungunsa, wanda ba zai iya fita da kansa ba in ruwa ya shigo da tsakar dare. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu sharrinta. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.