Ɗan Sanda Ya Koma Aji, Mu Marubuta Fa?



Yau za mu ɗan ajiye maganar ƙa'idojin rubutu da tsarin labari, mu leƙa wani aji da yawancinmu ba mu san da zamansa ba, alhali ya shafe mu. A wasu jami'o'inmu akwai karatun gaba da digiri da aka tsara domin ma'aikata, kan yadda ake tafiyar da harkar laifi da shari'a. Jami'ar Bayero ta Kano tana da shi a sashen Sosholoji, difiloma da kuma digiri na biyu kan shawo kan laifuka da hana aukuwarsu. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da digiri na biyu kan aiwatar da doka da shari'ar laifuka, har ana iya yin sa daga nesa ta intanet. Jami'ar NOUN ma tana koyar da ilimin laifuka da tsaro. Masu cika waɗannan azuzuwa su ne 'yan sanda, gandirobobi, jami'an Sibil Difens da na NDLEA, ma'aikatan kotu da lauyoyi. Wani ya kwana a bakin aiki, gari na wayewa ya cire kaki ya rataya jaka.

Mun sha jin ana cewa ai duk neman takarda ne kawai, don a samu ƙarin girma ko a tanadi abin yi bayan ritaya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ba za mu musa ba. Kowa ya san akwai ɗalibin da ba a ganinsa sai ranar jarrabawa, akwai kuma wanda zai biya a rubuta masa furojet. Amma mu a namu ganin, karatun ya cancanci wahalarsa, kuma dalilinmu shi ne yawan abin da ya canja a cikin shekarun nan.

A 2015 aka yi dokar tarayya ta tafiyar da shari'ar laifuka, wadda ake kira ACJA, jihohi suka riƙa yin tasu, Kano ta yi a 2019. A 2017 aka yi dokar haramta azabtarwa. A 2019 aka sake wa hukumar gidajen yari doka da suna, ta koma hukumar gyaran hali, aka ba ta sashen hukuncin da ba na ɗauri ba, irin su aikin al'umma. A 2020 'yan sanda suka samu sabuwar doka. Manyan dokoki huɗu cikin shekara biyar. To sufetan da ya fito daga kwalejin horo tun kafin wannan, ya ga yadda na gabansa suke yi shi ma ya ɗora, a ina zai zauna a warware masa su ɗaya bayan ɗaya? Taron bita na kwana biyu a otal ba ya yin wannan aiki.

Sannan a lura da kalmar tafiyarwa da ke cikin sunan karatun, domin a nan gizo yake saƙa. Wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen gyaran hali na Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Mu marubuta idan za mu ba da labarin irin wannan mutum, sai mu nemo masa mugun attajiri ko azzalumar kishiyar uwa ta saye alƙali. A zahiri kuwa abin da ke riƙe shi sau da yawa bai kai haka armashi ba. An gurfanar da shi gaban majistare kan laifin da majistare ba shi da hurumin saurara, aka aika shi ajiya, fayil ya tafi ma'aikatar shari'a neman shawara. Kafin shawara ta fito an yi wa ɗan sandan da ya yi bincike canjin wurin aiki. Ranar zama ta zo babu motar kai shi kotu, ko akwai mota babu mai. Aka ɗage. Haka wankin hula zai kai shi dare, wata ya zama shekara, kuma idan ka bi layin da kyau ba lallai ka samu mutum guda da ya ƙudurta cutar da shi ba. Wannan matsalar lissafi ce da ajiyar takardu da haɗa kan hukumomi huɗu ko biyar da kowacce ke da nata ogan. Ita ake koyarwa a wancan aji, kuma wataƙila nan ne kaɗai wurin da ɗan sanda da gandiroba da magatakardar kotu suke zama a benci ɗaya, kowa ya ji inda aikinsa yake toshe na ɗan uwansa.

Sai dai ba girin-girin ba, ta yi mai. Ba a allon sakamako za mu auna wannan karatu ba, a kantar caji ofis za mu auna shi. Kundin tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Doka ta hana kama wani a madadin wani. Ta hana kama mutum kan rikicin bashi ko saɓa yarjejeniya tsagwaronsa. Ta ce ba za a hana mace tsaya wa wani beli don tana mace ba. Ta ɗora wa manyan majistare su riƙa ziyartar caji ofis duk wata su duba waɗanda ke sel. Idan DPO ya ci jarrabawa kan duk waɗannan ranar Asabar, ranar Litinin kuma aka kamo tsohuwa don ɗanta ya gudu, to kuɗin makarantarsa sun faɗa rijiya. Muna kuma sane da cewa ƙaramin jami'i ba ya gyara wa oga magana, ko da shi ya fi shi maki a aji. Wannan ita ce babbar hujjar masu kushe karatun, kuma ba mu da cikakkiyar amsarta. Abin da za mu iya cewa shi ne, ƙaramin yau shi ne ogan gobe, gara ya hau kujerar da saninsa.

Yanzu mu dawo gida. Ku duba littattafan da muke sakewa a WhatsApp da Wattpad, ku ƙirga jarumai nawa ne ASP ko barista. Kakin muke so, da jiniya, da yadda yake daka tsawa kowa ya yi tsit. Jarumi zai sa a kulle abokin takararsa a soyayya mako biyu ba kotu, marubuciya ta rubuta shi a matsayin bajinta, masu karatu suna tafi a sharhi. Za a kama mahaifin wanda ake nema har sai ya fito. Za a shiga da mutum ɗakin bincike a fito da shi jina-jina, a ce ya amsa laifi, labari ya wuce. A kotu kuwa, lauya zai juya yana yi wa masu taimaka wa alƙali jawabi irin na finafinan Amurka, alƙali ya yanke hukuncin kisa a zama ɗaya. Yarinyar da ke karanta mu a waya ba za ta taɓa buɗe ACJA ba. Abin da ta sani game da haƙƙinta, daga rediyo ne da kuma wurinmu. Idan muka nuna mata cewa kama uwa a madadin ɗa aikin doka ne, ranar da aka zo gidansu ba za ta san akwai abin da za ta ce ba.

Ba muna cewa a daina rubuta ɗan sanda mai karya doka ba. A rubuta shi, akwai shi. Amma marubucin ya san cewa karya ta ake yi, ya bar mai karatu ya gane, ko ta bakin lauya ne, ko ta bakin wani kofur da abin ya dame shi.

Duk wannan ilimi da Turanci ake koyar da shi, da Turanci ake rubuta furojet ɗin, sannan a jera su a kanta ƙura ta rufe. Cikinsu akwai binciken da gandiroba ya yi kan cunkoso a inda yake aiki, akwai na 'yar sandan da ta shekara tana karɓar ƙorafin fyaɗe. Babu wanda zai mayar da wannan Hausa idan ba irinmu ba. Mu da muka fito daga kwalejin kimiyya da fasaha, ƙofar ba a rufe take ba: mai HND yakan fara da difilomar gaba da digiri, wato PGD, daga nan ya wuce digiri na biyu. Wanda ba shi da hali ko lokacin wannan, zaman kotu a buɗe yake ga kowa, ba a biyan ko sisi. Je ka kotun majistare mafi kusa da kai, ka zauna a bencin baya da littafinka safiya uku, ka ji yadda ake karanta tuhuma, yadda ake neman beli, da sau nawa za ka ji an ce an ɗage. In kuma a unguwarku akwai jami'in da ke wannan karatu, ka roƙe shi aron takardun lakcarsa, ka ba shi babin da ka rubuta na caji ofis ya duba maka kafin ka sake shi.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, muna so duk mai labarin da ke da fitowar kamu ko ta kotu ya kawo shafi ɗaya, mu bi shi tare layi-layi, mu ga wace kotu ce ke da hurumin laifin da kuma kwana nawa aka riƙe wanda ake zargi.