Sikelin da Bai San Tawali'u Ba

Idan wasu masu bincike suka so kwatanta ɗaliban jami'a da suka sadaukar da rayuwarsu ga addini, kamar sistoci da masu koyon aikin fada a cocin Katolika, da sauran ɗalibai gama-gari, akwai kayan awo biyu da sukan ɗauka. Na farko shi ne ma'aunin ganin ƙimar kai mai jimloli 10, wanda Morris Rosenberg ya fitar a Amurka a 1965. Na biyu tambayoyi 29 ne na Oxford kan farin ciki, waɗanda aka wallafa a 2002. Ɗalibi ya cike takarda, a tara maki, a yanke masa hukunci. Wannan hukuncin gurguwar shari'a ce.

Rosenberg ya gina ma'auninsa ne a kan 'yan sakandare na jihar New York, kuma yana neman mutum ya shaida da bakinsa cewa yana da kyawawan halaye, ya kuma gamsu da kansa. To, wadda ta yi alkawarin talauci da biyayya da zama ba aure, aka shekara ana horar da ita kan ƙanƙan da kai, da wane baki za ta yi wannan shaida? Haka ɗalibin ilimi a Kano ko Damagaram, wanda ya tashi yana jin cewa yabon kai jahilci ne. A 2005 David Schmitt da Jüri Allik sun gwada ma'aunin a ƙasashe 53, Japan ta zo ƙarshe. Mai hankali zai fara tuhumar sikelin kafin ya tuhumi al'umma guda.

Ta ɓangaren farin ciki kuwa, kuskuren juyawa yake yi. Sau da yawa masu riƙo da addini sukan ce sun fi jin daɗin rayuwa, masu wa'azi kuma su ɗauki wannan hujja su hau mumbari. Ibada da zaman jama'a suna kwantar da hankali, babu musu. Amma wanda ya saba amsa gaisuwa da "Alhamdulillahi" ko yana kwance a gadon asibiti, da wuya ya rubuta wa baƙo cewa baƙin ciki na cin sa, domin a wurinsa ƙorafi kusan butulci ne ga Ubangiji.

Asarar tana kan ɗalibai biyu. Mai tawali'u lafiyayye a ɗauke shi mai raina kansa, a dinga yi masa maganin ciwon da ba shi da shi. Mai fama da ciwon damuwa kuma, wanda barci ya ƙaurace wa, karatu ya gagare shi, ya wuce da maki mai kyau ba wanda ya waiwaye shi.

Jami'ar da ke son sanin halin ɗalibanta sai ta tambaye su barcinsu da cin abincinsu da bashin da ke kansu, da ko suna da wanda suke kai wa kuka. A bar tara maki, a zauna da su.