Filin Ƙarin Sani: Hanci ma yana cin tuwo

In mura ta kama mutum, sai ya ce fura ba daɗi, miya kuma salam. Wani maigida har ya yi wa uwargida faɗa, wai ta rage daudawa. Alhali kuwa miyar ba ta sake ba. Hancinsa ne ya toshe.

Harshe abu 5 yake ganewa: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da ɗanɗanon nan na romon nama. Saura yawanci aikin hanci ne. In ana tauna, ƙanshin abinci yana bi ta bayan maƙogwaro ya hau cikin hanci. Can sai ƙwaƙwalwa ta haɗa labarin harshe da na hanci, ta ce wannan miyar kuka ce, wannan ta yakuwa. Mai shakka ya rufe ido, ya matse hanci, a ba shi ɗan mangwaro da ɗan gwanda. Zai ji zaƙi, amma da wuya ya rarrabe su.

To, yaya hanci yake gane ƙanshi? Wata mace ta ƙasar Amurka, Linda Buck, tana cikin waɗanda suka warware wannan. An haife ta a garin Seattle a 1947. Da ta shiga babbar makaranta, wato jami'a, ilimin halin ɗan Adam ta zaɓa, don ta so ta riƙa taimakon masu damuwar zuciya. Ta haɗa da ilimin ƙananan ƙwayoyin halitta, ta gama a 1975. Daga baya ta koma bincike a birnin New York tare da wani malami, Richard Axel.

Da ɓeraye suka yi aiki. A 1991 suka nuna cewa can sama cikin hanci akwai ƙananan matarai iri-iri, kowane da irin ƙanshin da yake kamawa. Ɓera yana da wajen iri 1000, mutum kuwa wajen 400. Ƙanshi ɗaya yana taɓa matarai da yawa a tare. Kamar baƙaƙen da ake koyo a ajin yaƙi da jahilci ne: ba su da yawa, amma in an harhaɗa su ana rubuta kalmomi ba iyaka. A 2004 aka ba su babbar kyautar nan ta Nobel.

Amfanin wannan sani yana cikin gida. Tsufa yana rage jin ƙanshi. Bugun kai ma haka. Cutar Korona da ta game duniya a 2020 ta ɗauke wa mutane da yawa jin ƙanshi, wasu kwanaki, wasu watanni. Tsohon da ya ture akushi ba raini ya yi ba, kuma in an ƙyale shi sai ya rame. Kada a cika masa gishiri, don yana ƙara hawan jini. A sa masa ɗan tsamiya ko lemun tsami, ko ɗan barkono, gama zafin barkono ba ta hanyar ƙanshi ake jinsa ba. A ba shi abinci da ɗuminsa, kaɗan-kaɗan, sau da yawa.

Wanda ba ya jin wari kuma, kada a bar shi ya duba nama ko kifin da ya kwana. Wani ya sansana masa. In abin ya daɗe bayan mura ta warke, a kai shi gidan likita.