Tsami ba wuta ba ne

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, akwai wata magana da ke yawo cikin kasuwanninmu: wai nono in ya yi tsami ba ya ɗauke da cuta, tsami ya kashe komi. Da wannan magana ake shan nonon da bai ga wuta ba. Da ita ake dama hura da ruwan tabki. Ni ban yarda da ita ba.

Akwai gaskiya kaɗan cikinta. Madara ba ta yin tsami haka kawai. Wasu ƙananan halittu ne, waɗanda ido ba ya gani, ke cin zaƙinta suna mai da shi tsami. Wani masani na ƙasar Faransa, Louis Pasteur, ya nuna haka a 1857. Wannan tsami yana hana ƙwayoyin cuta da yawa hayayyafa, wasu ma yana kashe su. Shi ya sa madara ke lalacewa cikin yini guda da bazara, nono kuwa ya kwana biyu lafiya lau.

Amma akwai ƙwayoyin da ke jure tsami kwana da kwanaki. Makiyaya sun san bakkale, ciwon da ke sa saniya ɓari, gwiwarta ta kumbura. Ƙwayarsa tana fita cikin madara. Wanda ya sha sai ya yi ta masassara mai tafiya tana dawowa, da gumin dare, da ciwon gaɓoɓi. Ya sha maganin masassarar cizon sauro har ya gaji, bai warke ba. Tarin huka na shanu ma ta madara yake shiga jikin mutum.

Sai kuma ruwa. In mai talla ta ƙara ruwa don nono ya yi auki, ta rage ƙarfin tsami. In ruwan na tabki ne, ta zuba ƙwayoyin zawo. Tsami yana son lokaci kafin ya yi aikinsa, mai saye kuwa nan take yake kai ludayi baki.

Wani zai ce: "Kakanninmu sun sha, ba su mutu ba." To, a tambayi tsofaffin mata yara nawa zawo ya ɗauke masu. Wata za ta ce wuta na ɓata nono. Ashe kindirmo ba da dafaffiyar madara ake yin sa ba? Wa ya taɓa raina kindirmo?

Ga abin da ya kamata. A tafasa madara, a rufe ta, ta huce. Wuta ta kashe masu cuta, ta kashe masu kawo tsami, don haka sai a zuba ludayi guda na nonon jiya wanda shi ma aka dafa. A wanke ƙwarya da sabulu, a shanya ta ga rana. A dama hura da ruwan famfo ko tafasasshe. Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwarsa kaɗai za a ba shi. Yaro mai zawo kuwa, a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi likita.

Mai saye ma yana da baki. Ka tambayi mai nono: "An dafa madarar? Wane ruwa aka sa?" In masu tambaya sun yi yawa, masu dafawa za su yi yawa.